Laburarenmu Zai Shiga WhatsApp: Guruf Ya Dace?

Tambaya: Malam, ina aiki a laburaren wata kwalejin ilimi. Ɗalibai sun daina duba allon sanarwa, shi ne shugabanmu ya ce a buɗe musu guruf a WhatsApp. Hakan ya yi, ko mu koma Telegram?

Amsa: Malama, kun yi dabara da kuka bi ɗalibai inda suke. Amma don Allah kada ku buɗe guruf.

Guruf ɗin WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, ku kuwa ɗalibanku dubbai ne. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne lambobin mutane suna fili. Ɗaliba ta shiga don ta ji ko littafin da take jira ya dawo, cikin dare sai ga baƙuwar lamba: "Salam, ya karatu?" Washegari ta fice, ba za ta ƙara dawowa ba, alhali irinta ce ta fi buƙatar laburaren.

Ku buɗe tasha, wato Channel, tsarin yaɗa sanarwa da WhatsApp ya kawo a 2023. Ku kaɗai ke aika saƙo, mabiya kuma ba sa ganin lambar juna. Sai dai saƙonninta kwana 30 suke yi, don haka abin da za a riƙa nema duk zango, kamar jagorar rubuta furojet, a ajiye shi a tashar Telegram, inda sabon shiga ke samun tsofaffin saƙonni. Masu tambaya kuma a ware musu lamba ɗaya a WhatsApp Business, a rubuta lokutan aiki.

Sai batun kalmar sirri. Idan kwalejinku na da rajista da Research4Life ko JSTOR, rumbunan mujallun bincike na intanet, kada a kuskura a saka kalmar sirrin shigarsu a tasha. Kafin la'asar ta zaga gari, kuma ana iya rufe wa makaranta damar shiga gaba ɗaya. Mai buƙata ya zo da katin shaidarsa. Mujallun DOAJ kuwa, shafin da ke jera mujallun da kowa zai iya karantawa kyauta, ku yaɗa su son ranku.

Layin wayar ya zama na ofis, ba na wani ma'aikaci ba, domin ranar da aka yi masa canjin wurin aiki da tashar zai tafi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri don tsaro, a sa mutum biyu su riƙa kula da tashar.