Amarya, batun ba da gari da kika tambaya

Amarya, saƙonki ya iso, na karanta na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya ɗan yi sanyi. Wai kuna gasar tambayoyi a waya ke da ƙawayenki, na dabbobi da waƙoƙi da lafiya da addini, kin ji ina cewa a zamaninmu wanda ya kasa amsa kacici-kacici sai ya ba da gari, shi ne kike son sanin wane gari kuma don me. A ce jikata ta kusa gama sakandare bata taɓa jin an ce kulin kulifita an amsa da gauta ba, ai wannan iyayenki zan tuhuma ba ke ba.

Mu da dare muke yi, bayan isha'i in akwai farin wata. Inna kakata ko kusa bata yarda a yi da rana, cewa take mai tatsuniya da rana ɓata yake a hanya, mu kuwa muka riƙe da gaske, alhali so take a tafi gona a ɗebo ruwa. Sai a zauna a fara, shanun gidanmu dubu maɗaurinsu ɗaya, a ce tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, hayaƙi. Tsumagiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba, yunwa kenan.

Akwai wani dare da kaka, an gama yankan gero, wani gardi da ya taso daga gabas ya sauka a zaurenmu da allonsa da buzunsa. Ya ji muna ta hayaniya sai ya ce a sa shi. Muka raina shi wallahi, don siriri ne kuma baya ɗaga murya. Ya ce to ku lissafo min surorin da aka sa wa sunan dabbobi cikin surori 114. Yayana ya fara da yatsu, Baƙara saniya, Nahli ƙudan zuma, Namli tururuwa, Ankabutu gizo-gizo, Fili giwa, ya tsaya yana hura hanci. Gardi ya ce saura. Sai muryar Inna daga bayan zana, ashe tana ji, ta ce An'amu fa, ko dabbobin kiwo ba dabbobi bane? Muka kwashe da ihu kamar mu muka amsa.

Sai ya gyara zama ya ce wane kabari ne ya yi tafiya da wanda ke cikinsa. Tsit. Wani ya ce makara, ya girgiza kai, wani ya ce jirgin ruwa, ya ce a'a. Da muka gaji muka ce mun ba ka gari. Muka ba shi Zazzau ya ce baya so, Katsina ya ce ya sha zuwa, ƙanena sarkin azarɓaɓi ya ce to ɗauki Makka, nan Inna ta daka masa tsawa ta ce Makka ba ta ubanka bace balle ka bayar. Ƙarshe dai ya karɓi Kano, kuma kin san bai faɗi amsar nan take ba, sai da ya hau doki a baki ya shiga ta Ƙofar Nasarawa, ya zaga kasuwar Kurmi ya saya wa kowa tsaraba ban da mu, ya hau Dala ya sauko, mu kuwa ranmu kamar ya fita. Sannan ya ce kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, alaihis salam. Ya ba mu labarin tun daga ƙuri'ar da aka yi a jirgi, da addu'ar da ya yi cikin duffai, la'ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin, har tsiron duman da Allah ya fitar masa bayan an jefo shi gaɓa. A daren na haddace addu'ar nan, har yau tana bakina.

Ku yanzu in abu ya gagara sai ku latsa waya, amsa ta fito, gobe a tambaye ku kun manta. Wanda ya fi damuna ma shi ne na lafiya da na addini da ake ta turowa, wai ganye kaza yana maganin ciwon suga, wai malam wane ya ce, wai hadisi ne, ba wanda ya tsaya ya bincika. Malaminmu na allo kullum yana tuna mana faɗin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, cewa wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Don Allah kar ki tura abin da baki tabbatar ba, ko da sunan wasa ne.

Dalilin garin kuwa, na taɓa tambayar Inna sai ta ce rashin sani ya fi dare duhu, mai son a haska masa kuwa ai ya sayi mai, iyakar abin da ta ce kenan ta ci gaba da kaɗinta. To ga taki nan, kulin kulifita: wace sura ce take da bisimilla biyu? Kar ki taɓa wayar nan, in kin kasa ki nemo gari mai kyau, kuma Kano bana so, gardi ya riga ya ɗauke.