Amsa: Zaɓar shirin likitanci haɗe da digirin digirgir a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sunan jami'a za ka bi wajen zaɓar shirin MD-PhD, wato karatun likitanci haɗe da digirin digirgir. A ganina, malamin da zai jagoranci bincikenka ya fi suna muhimmanci, domin karatun yakan kai shekara 8, kuma kusan 4 daga ciki a ɗakin gwaje-gwajensa za ka yi su. Saboda haka ka nemi jami'ar da take da malamai da dama a fanninka, kada ɗaya ya tashi ka rasa madafa.

Shirin MSTP, wato nau'in MD-PhD da hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) take tallafawa, yana biyan kuɗin karatu da alawus, amma tallafin na 'yan ƙasar Amurka ne da masu izinin zama na dindindin. Idan ba ka cikinsu, ka tabbatar makarantar tana karɓar baƙi kuma tana ɗaukar nauyinsu da kuɗinta kafin ka nema.