Ni ma ƙere-ƙeren nan sun taɓa sa ni goge gem

Malam, da na ga tambayarka cewa ko ƙere-ƙere, wato tara kaya a cikin wasa kana haɗa makami ko kayan aiki da su, sun yi yawa a gem ɗin yanzu, har mutum ya fi daɗewa yana tsintar itace da ƙarafa fiye da buga wasan kansa, wallahi kamar ka leƙa zuciyata. Eh, sun yi yawa.

Bara da bazara na maƙale wa wani gem na waya, irin na neman tsira ɗin nan, ba sai na kama suna ba. Sati uku cur ina tara kayan haɗa babur. Ka san halin wuta a nan Gusau, rabin yini wayata tana shagon mai caji, da dare kuma in sayi data in hana idona barci ina saran bishiya kamar ɗan itace. Saura ƙarfe biyu in gama, sai na zuba komai a akwatin ƙungiyarmu. Akwai wani yaro da ni na shigo da shi, ni na koya masa haɗa gatarin farko, har data na taɓa tura masa. Na dawo daga sallar asuba na buɗe, akwati wayam. Ko igiya bai bari ba. Da na yi masa magana sai ya ce wai "Yaya, ai wasa ne", har da alamar dariya. Wasa! Sati ukuna ne wasa? Ranar ko koko ban iya sha ba. Har gobe muna gaisawa a majalisa, amma shi ma ya san akwai magana a ƙasa.

Daga baya na gane ba yaron kaɗai ya cuce ni ba, tsarin ne ya mai da ni lebura. Dubi gem ɗin The Last of Us na 2013: tsumma da alkohol ɗin da za ka haɗa kayan ɗaure rauni, su ne dai za ka haɗa kwalbar wuta da su, dole ka zaɓi ɗaya, kuma wasan ba ya tsayawa ya jira ka. Wannan ƙira ce mai sa gaba ya faɗi. Minecraft ma ban ga laifinsa ba, tun 2011 da ya fito cikakke an san ƙirar ita ce wasan, katako uku da sanda biyu ka samu diga. Amma Far Cry 3 na 2012, sai ka farauto dabba ka feɗe kafin walat ɗinka ya ɗauki ƙarin kuɗi. Haba! Me ya haɗa harbi da dukanci?

Kafin ka sauke gem ka fara kallon yadda ake buga shi a YouTube. In ka ga an sa agogo a kan ƙira, wai jira awa kaza ko ka biya, gudu, aljihunka ake nema. Kada ka zuba kayanka a akwatin taro, ko da ɗan ɗakinku ne a ciki. Kuma ka daina buga gem waya tana jikin caji, batirina haka ya kumbura. Wane gem ne ma ya gajiyar da kai? Faɗa min, wataƙila shi ne nawa.