Tambayoyinku: Ina so in je Chana in koyi yarensu, wane gari zan zauna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, sau biyu ina zuwa Guangzhou saro kaya amma komai sai da tafinta, a zuwan ƙarshe ma na gano farashin da mai kaya ya faɗa daban, wanda aka faɗa min daban. Ina so in ware wata uku in je in koyi yaren, in kuma ga ƙasar da al'adunsu. Ina ya fi dacewa, kuma ya batun abinci da sallah?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Shawarata dai kar ka koma Guangzhou da sunan karatu. Nasan can ka sani, can kake da mutane, to ai matsalar kenan, in ka sauka unguwar Xiaobei za ka wuni kana Hausa da Turanci da ɗan Larabci, har wata ukun su ƙare bakinka bai buɗe ba. Sannan ƴan asalin garin, yaren Kantonis suke yi a tsakaninsu, wanda kai kuma kake nema shine Mandarin, su suna ce masa Putonghua, shine na makaranta da gwamnati da ake ji ko'ina a ƙasar.

Ni da nine kai Xi'an zan tafi. Tsohuwar hedikwatar ƙasar ce, akwai jami'o'i masu ajin koyon yare na baƙi, kuma akwai unguwar Musulmi ƴan ƙabilar Hui a tsakiyar gari, babban masallacinsu ana danganta kafuwarsa da shekarar 742, ginin katako ne irin nasu da farfajiya bayan farfajiya, in ba ka ga rubutun Larabci a bango ba ba za ka ce masallaci bane. Batun abinci ka haddace kalma ɗaya, qingzhen, ita ce halal ɗinsu, ka sa a nuna maka yadda ake rubuta ta don za ka ganta a saman ƙofar gidajen abinci. Ka nemi yangrou paomo, za a miƙo maka kwano da gurasa mai tauri ka zauna kana gutsuttsura ta ƙanana ƙanana da hannunka kafin a zuba mata romon naman rago, kuma wallahi wannan zaman aji ne mai zaman kansa, don tsofaffin da ke gefenka sai sun tambaye ka daga ina kake, kai kuma dole ka lalubo amsa. Ranar hutu ka je ka ga tsofaffin mutum-mutumin sojoji na yumɓu da manoma suka tono a 1974 suna haƙar rijiya.

Yaren kuma kar ya baka tsoro. Abin da ke wahalar da Turawa shine karin sauti, mu kuma da shi muka tashi, ai kasan kuka na hawaye da kuka ta miya murya ce kawai ta raba su. Su karin nasu huɗu ne, kuma ga wanda ya shafe ka kai tsaye: kalmarsu ta "mai", in ka sauke murya ka sake ɗago ta saye kenan, in ka sauke ta da ƙarfi lokaci ɗaya sayarwa kenan. Ka fara da pinyin, wato rubuta yaren da baƙaƙen boko, tun kana Kano, ka riƙe lambobi sosai, da duoshao qian wato nawa ne, da tai gui le wato yayi tsada. Har ƙirgen yatsu nasu daban ne, da hannu ɗaya suke nuna shida, bakwai, takwas, tara, ka sa masu shago su koya maka. Gaskiya wata uku ba zai sa ka karanta takardar yarjejeniya ba, rubutunsu aikin shekaru ne, amma in ka dage safe aji yamma kasuwa, za ka iya ciniki ka kuma ji kuɗin da aka ambata da kunnenka.

Biza kuma kar ka shiga da ta kasuwanci kace za ka yi karatu. Makarantar ce za ta turo maka takardar karɓa ka nemi X2, ita ce ta karatun da bai wuce kwana 180 ba. In gida ka kama ba otal ba, ka yi rajista a ofishin ƴan sanda cikin awa 24. Kuma tunda WhatsApp da Facebook basa aiki can, ka buɗe WeChat, manhajarsu ta kira da saƙo, da Alipay ta biyan kuɗi tun kafin ka tashi, ka sa wa iyali WeChat a wayarsu ku gwada kira kuna tare.