Busa kilarinet kaɗai, ko a haɗa da koyarwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutum zai iya rayuwa da busa kilarinet (abin busa na Turawa mai kama da algaita) kaɗai, ko dole sai ya koyar. Ni dai shawarata, ka riƙe biyun tun yanzu.

Babbar ƙungiyar okestira, wato ta makaɗa da mabusa masu yawa, yawanci masu kilarinet biyu zuwa huɗu take ɗauka, kuma wanda ya samu kujera ba ya saurin tashi. Misali, mai busa kilarinet Stanley Drucker ya shiga okestirar New York Philharmonic a 1948, bai bar ta ba sai 2009. Idan gurbi ya buɗe, sau da yawa a bayan labule ake gwada masu nema, alƙalai kunne kawai suke sa wa. Kiɗan da Mozart, mashahurin mai tsara kiɗa, ya rubuta wa mai busa kilarinet Anton Stadler a 1791 kusan kullum yana cikin abin da ake nema, kuma da nau'in kilarinet da ake kira ta A ake busa shi, don haka ka tanade ta ƙari a kan nau'in B♭ da kowa ke farawa da shi.

Koyarwa kuwa sana'a ce mai zaman kanta, kada ka ɗauke ta mafakar wanda ya rasa. Yaro zai busa sauti ya fita da ƙara mai kaifi, kai za ka gane ya cije bakin kilarinet ɗin ne, ko ɗan karan da ke girgiza ya yi masa tauri, ka canja masa da kara mai laushi, lamba 2. Wahalar gaske tana wajen tsallakawa daga sautin A zuwa sautin B, inda yatsu ke rufe ramuka gaba ɗaya lokaci guda. Sai ka sa shi ya rufe na hannun dama tun yana kan A.