Sau Uku Ina Fara Ɗaga Ƙarfe Ina Bari

Tambaya: Shekaruna 34, kuma sau uku ke nan ina fara ɗaga ƙarfe amma ban taɓa wuce mako biyu ba, domin jikina yakan yi tsami sosai, sannan ba na ganin wani canji. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi in ɗore?

Amsa: Ɗan'uwa, ina kyautata zaton ba ƙarancin himma ne ya kayar da kai ba, gaggawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligai da su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma hakan ya wadatar da mai farawa. Ka fara da nauyin jikinka: tsugunno da miƙewa, da kifewa a ƙasa kana ɗaga ƙirjinka da hannuwa, sannan ka ƙara ƙarfen da za ka iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da ka lanƙwasa bayanka ba. Ka bar wa tsokar da ka wahalar kimanin sa'o'i 48 ta huta.

Tsamin da ka ambata yakan tsananta ne tsakanin sa'o'i 24 zuwa 72 bayan atisaye, kuma yana raguwa yayin da jiki ya saba. Ciwo mai suka a cikin gaɓa kuwa daban ne, idan ka ji shi ka dakata.

Maganar rashin ganin canji ita ce ta fi damuna, domin a nan mafi yawan mutane suke sarewa. A makonnin farko, ƙarfin da mutum yake samu yana zuwa ne mafi yawa daga yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke koyon sarrafa tsoka, ita kuwa tsokar ba ta cika nuna girma a ido ba sai bayan kamar wata biyu zuwa uku. Ka ga ke nan kana ajiye ƙarfen tun kafin lokacin ganin sakamako ya yi. Saboda haka ka rabu da madubi, ka nemi ɗan littafi kana rubuta nauyin da ka ɗaga da yawan ɗagawar. Ranar da sau 12 ya zo maka da sauƙi, sai ka ƙara nauyi kaɗan. Ranar da kasala ta kama ka, ka yi ko da minti goma ne, don kada sabon ya yanke.

Kada ka riƙe numfashi yayin ɗagawa, kuma idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ka ga likita kafin ka fara.