Rumbu, rufewa da gorar matafiyi

Wata Hajiya daga Tudun Wadar Zariya ta rubuto tana cewa ta shuka wake da kuɓewa a bayan gidanta, sai surukarta ta ce mata "da gidan nan da rufewa, da ba a sayen hatsi da bazara." Tana tambaya: rufewa da rumbu abu ɗaya ne?

Hajiya, 'yan uwa ne, amma ba tagwaye ba. Rumbu shi ne sunan da ya game kowace ma'ajiyar hatsi, har wadda aka yi da zana da kara. Rufewa kuwa ta laka ce, mai tumbi, bakinta ƙarami a sama, a kifa mata ɗan jinka. Ana ɗora ta kan duwatsu don kada danshi da gara su hau. Sunan ma ya faɗi aikinta: a zuba, a rufe, a liƙe. Ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Na taɓa tsayawa ina yaro ana buɗe ta kakata a cikin birni, aka zura ƙanena ta baki da ƙwarya a hannu, ya fito fari fat da toka, domin da toka take cuɗa wakenta. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, dabarar rufewa ce aka sa wa sabuwar riga.

Tunda zancen wake ake: sunayen irin nan SAMPEA (na wake) da SAMMAZ (na masara) da kike gani a jikin buhu, "SAM" ɗin Samaru ce, domin cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke can ce ke fitar da su. Kuɓewarki kuma ki yanka ta tun tana ɗanya shataf, ki shanya a tabarma, kada ki daka sai ranar miya.

Wani ɗalibi daga Kongo ya ce ya ji mahaifinsa na cewa "ba a fafe gora ranar tafiya" lokacin da tumatir ya yi tsada, bai ga haɗin ba.

Ɗana, fafewa ita ce yanke bakin gora a ƙwaƙule 'ya'ya da ɓargon ciki. Bayan nan sai an jiƙa ta kwanaki ɗacin ya fita, kafin ruwanta ya shawu. Wanda ya bari sai ya ɗaura kaya, da ƙishi zai tafi. Baba yana nufin da rani, sa'ad da tumatir ɗin fadamar Galma ya cika kasuwa har yana ruɓewa a kwando, a nan ake yanka shi a shanya ya zama kauɗa. In damina ta sauka, mai kauɗa ne ke miya ja. Ka je ka duba ɗakin girkin Mama, ina jin za ka tarar da buhun kauɗar babu komai, shi ya sa ya faɗa.